Babi na Shida: Lamba a Kunnen Kifi

A ƙasar Ailan, wanda zai je kamun kifin salmon da fatsa ba ya barin gida sai da abu uku a aljihu: lasisi, da ɗan littafin rubuta kamu, da wasu 'yan lambobin roba masu launin shuɗi. Idan Allah ya ba shi sa'a ya jawo kifi bakin gaɓa, kuma ya ƙudurta zai kai shi gida, kafin ya yi komai sai ya zura lamba ɗaya ta bakin kifin ta fito ta kunnensa, wato tsagar nan ta gefen kai da kifi ke numfashi da ita, ya kulle ta yadda ba ta buɗuwa sai an yanke. Daga nan ya buɗe littafi ya rubuta kwanan wata, da sunan kogi, da nauyin kifin, da lambar da ya maƙala masa. Duk salmon da aka samu a hannun mutum babu lamba a kunnensa, a wurin hukuma haramtacce ne, ko da mai shi yana da lasisi.

In kuwa ba ya nufin ɗauka, ko kogin yana cikin waɗanda aka hana kashe kifi a cikinsu, sai ya zare ƙugiya ya mai da kifin ruwa da ransa. Wannan ma sai ya rubuta shi.

Mai karatu da ya tashi a inda su yake sana'ar gado, kifi kuma abin sa wa a miya, yana da damar tambaya: me ya kai mutane ga wannan ɗawainiya? Mutum ya sayi lasisi, ya wuni tsaye a ruwan sanyi, ya kama kifi mai nauyin kilo biyar, sannan ya sake shi? Amsar tana cikin rayuwar kifin kansa, da abin da ya same shi cikin shekara hamsin da suka wuce. Tsarin yana da rabi biyu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Lamba tana tsare adadin kifin da aka kashe, kuma jami'i yana iya tare mutum ya duba. Shi kuwa kifin da aka saki, rayuwarsa ko mutuwarsa tana rataye ne da yadda aka riƙe shi cikin 'yan mintoci kaɗan da babu jami'in da yake gani.

Kifin da yake komowa gida

Salmon na tekun Atlantika a kogi ake ƙyanƙyashe shi. Tsakanin Nuwamba da Janairu, uwar takan hau har can saman kogi inda ruwa yake da sanyi da tsabta, ta haƙa rami a cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe. A kan kowane kilo na nauyinta tana ɗauke da ƙwai sama da 1,000. 'Ya'yan sukan yi shekara ɗaya zuwa uku a kogin, mafi yawa biyu, sannan wajen Afrilu ko Mayu jikinsu ya rikiɗe ya zama fari fat kamar azurfa, su gangara teku. Wasu sukan nufi tekun Norwe da kewayen tsibiran Faro, wasu har yammacin Girinlan, tafiyar dubban kilomita.

Bayan hunturu ɗaya a teku, ko biyu, ko uku, sai su juyo. Ba kowane kogi suke shiga ba: kowane kifi kogin da aka haife shi yake nema. Tun a shekarun 1950 masanin nan Ba'amurke Arthur Hasler da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙanshin ruwan gida na cikin abin da ke yi wa salmon jagora idan ya kusato. Da zarar ya shigo kogi kuma sai ya daina cin abinci, ya rayu da kitsen da ya tara a teku, wani lokaci har tsawon watanni, kafin lokacin zuba ƙwai.

Abu biyu ne suka biyo bayan wannan. Na farko, kowane kogi da nasa irin. Salmon na kogin Moy a yankin Mayo daban, na kogin Blackwater a kudu daban, kuma idan irin wani kogi ya ƙare, yawan na maƙwabcinsa ba ya cike gurbin cikin sauƙi. Na biyu, kifin da mai fatsa ya tarar a kogi ba kifi ne kamar sauran ba. Ya tsallake tsuntsaye da manyan kifaye tun yana ƙarami, ya tsallake yunwar teku da tarun masunta, ya komo. Cikin dubban ƙwai, shi ne ɗaya daga 'yan kaɗan da suka kai wannan matsayi, kuma saura ƙiris ya yi abin da ya dawo yi.

Haka labarin yake ga kifin tirawut na teku. Shi da tirawut mai ruwan ƙasa da ke zaune a kogi jinsi ɗaya ne, sai dai shi yakan fita teku ya yi kiwo kusa da gaɓa ya komo. Shi ya sa dokar Ailan ta haɗa su: duk tirawut na teku da ya wuce santimita 40 a tsawo, hukuncinsa ɗaya da na salmon wajen lamba.

Yadda aka kai ga ƙirga

Mutanen Ailan sun daɗe da wannan kifi. Yana cikin tatsuniyoyinsu na dā a matsayin kifin hikima, kuma tun 1928 hotonsa yake kan kwabbansu, har zuwa lokacin da yuro ta maye gurbin kuɗin ƙasar a 2002. Sun saba ganin sa da yawan da ba ya sa mutum tunanin ƙirga.

Sai abin ya fara ja baya. Ƙungiyar NASCO, wadda ƙasashen arewacin Atlantika suka kafa a 1984 don kare salmon, mai hedikwata a Edinbara, ta bayyana cewa tsakanin 1983 da 2016 yawan salmon na daji ya ragu da fiye da rabi. A Ailan akwai tashar bincike a Burrishoole, cikin Mayo, inda aka shafe shekaru da dama ana ƙirga duk kifin da ya gangara da duk wanda ya hauro. Irin wannan ƙirge ya nuna inda babbar ɓarakar take: a teku. A shekarun 1980, cikin ƙananan kifi 100 da suka bar kogi, 15 ko fiye sukan komo. Yanzu abin da ke komowa bai fi biyar ba. A Disambar 2023 ƙungiyar IUCN, mai tsara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa salmon na Atlantika a sahun waɗanda suka kusa shiga barazana a duniya, na Birtaniya kuwa ta ce yana cikin haɗarin ƙarewa.

Matakin farko da Ailan ta ɗauka shi ne sanin nawa ake kamawa. A 2001 aka fara tsarin lamba da littafin kamu, ya hau kan kowa, mai fatsa da mai taru, kowane rukuni da launin lambarsa. Kafin nan, ƙididdigar kamu rabinta kintace ce, kuma kifin da ɓarayin ruwa suka kwasa da dare yana shiga kasuwa ya saje da na halal.

Mataki na biyu ya fi ɗaci. A lokacin, mafi yawan salmon ɗin ƙasar a teku ake kama shi, da dogayen taruna da ake saki igiyar ruwa tana ja a kusa da gaɓa. Irin wannan taru ba ya tambayar kifi daga wane kogi ya fito. Yana kwasar na kogin da ke da yalwa tare da na kogin da saura 'yan ɗaruruwa, har da waɗanda ke kan hanyarsu ta zuwa kogunan Ingila da Faransa. Masana sun yi ta faɗa, Tarayyar Turai ta matsa bisa dokarta ta kare muhallin halittu, haka ma masu fafutika irin su Orri Vigfússon na ƙasar Aisilan, wanda ya kafa asusun sayen haƙƙin masu taru a 1989. Daga 2007 aka haramta wannan su a tekun Ailan, gwamnati ta ware yuro miliyan 30 don rage wa masuntan da garuruwansu raɗaɗi. Iyalai da yawa a gaɓar yamma sun rasa sana'ar da suka gada, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin kare salmon a tsallake wannan asara tasu.

Rufe ruwa don kifi ya huta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, kuma ba mai shiga sai da izinin Sarkin Ruwa. Abin da tsarin Ailan ya ƙara a kan wannan tsohuwar hikima shi ne lissafi: kogi kogi, shekara shekara, kifi kifi.

Abin da lambar take yi

Tun daga 2007, kowane kogin salmon na ƙasar, su fiye da 140, ana duba shi shi kaɗai. Masana sukan auna faɗin wuraren da suka dace da zuba ƙwai da renon 'ya'ya, su fitar da mafi ƙarancin adadin iyayen kifi da kogin yake bukata don kada irinsa ya ja baya. Sannan su kimanta nawa ake sa ran za su komo, bisa abin da aka gani a shekaru biyar na baya. Suna dogara da na'urorin ƙirga da aka kafa a wasu koguna, da binciken ƙananan kifi, da kuma littattafan masu fatsa. Abin da ya haura bukatar kogin shi ne rara, kuma rarar kaɗai aka yarda a ci.

Daga nan koguna suke rabuwa uku. Akwai buɗaɗɗe, inda rara take, mai lamba yana iya ɗaukar kifi. Akwai wanda bai kai ga rara ba amma bai yi muni ba, a nan an yarda a yi fatsa bisa sharaɗin a saki duk abin da aka kama. Akwai kuma rufaffe, inda ko jefa ƙugiya don salmon ba a yi. Hukumar Inland Fisheries Ireland, wadda aka kafa a 2010, ita ke ba minista shawara, a buga daftarin jerin kogunan jama'a su faɗi ra'ayinsu, sannan a sa hannu kafin sabuwar kaka. Kogin da yake buɗe bana yana iya komawa na saki baɗi.

Ƙa'idojin ana sabunta su duk shekara, amma ga tsarin da aka daɗe ana bi har zuwa 2025. Mai fatsa ba ya wuce kifi 10 a shekara, ko a koguna nawa ya yi su. Daga 1 ga Janairu zuwa 11 ga Mayu, uku kacal aka yarda masa gaba ɗaya, domin a wannan lokaci manyan kifayen da suka yi hunturu biyu ko fiye a teku suke shigowa, mafi yawansu mata ne masu ɗimbin ƙwai, kuma su suka fi raguwa. Daga 12 ga Mayu zuwa ƙarshen Agusta, iyakarsa uku a rana. Daga 1 ga Satumba, ɗaya a rana. A kogin da rararsa ba ta da yawa, ana ƙara wata lamba mai ruwan ƙasa a kan shuɗiyar, adadinta daidai da rarar kogin. A kogin Lee na birnin Cork, ƙuri'a ake jefawa don raba irin wannan lamba. Wanda bai samu ba yana iya fatsarsa, amma saki zai yi.

Doka ta kuma hana sayar da salmon da aka kama da fatsa. Wannan yana toshe kafar da kwaɗayin kuɗi zai shigo, ya bar wa mai fatsa abin da zai ci da iyalinsa kawai. Rabin kuɗin lasisi kuma yana tafiya asusun gyaran koguna.

Littafin kamu shi ne ɓangaren da mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi amfani. Dole a mai da shi ga hukuma, tare da lambobin da suka rage, kafin 19 ga Oktoba ta wuce, ko da mutum bai kama komai ba duk kakar. Littafin da babu kifi a cikinsa shi ma labari yake bayarwa: an nema ba a samu ba. Wanda ya ɓoye kamunsa, ko ya ƙara don kada a rufe kogin da yake so, yana gurɓata lissafin da za a yanke wa kogin hukunci da shi, kuma kogin ne zai biya.

Kamawa a saki

Tunanin mai da kifi ruwa ya girmi dokokin nan. A Amurka, mai fatsa kuma marubuci Lee Wulff ya fara kira gare shi tun ƙarshen shekarun 1930. Kanada ta wajabta sakin manyan salmon, masu santimita 63 ko fiye, a lardunanta na gaɓar gabas tun 1984. A Sikotlan, masu kogin Dee sun ɗauki al'adar saki da kansu tun 1994. Ingila da Wels sun sa dokar sakin duk salmon da aka kama kafin 16 ga Yuni tun 1999, kuma daga 2020 Wels ta ce a saki kowane salmon a kowane lokaci. Sikotlan ta fara rarraba kogunanta aji uku a 2016, aji na uku ba a kashe kifi a cikinsa. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na salmon da ake kamawa da fatsa a Sikotlan ana mai da su ruwa. A ƙasar da har gobe ake alfahari da Georgina Ballantine, wadda ta kama salmon mai nauyin fam 64 a kogin Tay a 1922, wannan babban sauyin hali ne.

Tambayar da ta dace ita ce: kifin da aka saki yana rayuwa kuwa? An bincika. Masana sukan maƙala wa kifin da aka kama 'yar na'urar rediyo, su sake shi, su bi sawunsa har wurin zuba ƙwai. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi a kogunan Owenmore, Mulkear da Feale na Ailan, ya gano cewa kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka kama da ƙudan ƙarya, wato ƙaramar ƙugiya da aka naɗe da gashin tsuntsu, sun rayu har lokacin zuba ƙwai. Waɗanda aka kama da koton ƙarfe mai juyawa kuwa, kaɗan ne suka haura rabi. Kifayen rukuni na biyu ba su da yawa a binciken, amma darasin a fili yake, kuma ya dace da abin da aka gani a wasu ƙasashe: ƙugiya mai baki uku da ke rataye da koton ƙarfe takan shige can cikin maƙogwaro ko ta yagi kunne, kifin ya zubar da jini.

Ke nan sakin kifi ba ya nufin an cece shi. Kifi yana iya sulalewa daga hannu ya yi iyo kamar lafiya lau, ya je ya mutu a ƙarƙashin wani dutse bayan kwana biyu. A littafi an rubuta an sake shi. A kogi kuwa an yi asararsa, ba a ci ba, bai kuma haihu ba.

Yadda ake sakin kifi ya rayu

Shirin saki yana farawa tun kafin a jefa ƙugiya. A kogunan saki na Ailan, doka ta hana yin koto da tana, domin kifi yakan haɗiye ta har ciki. Ta kuma ce ƙugiya ta zama mai baki ɗaya ko biyu, marar 'yar ƙayar nan da ke juyowa baya ta hana ƙugiya fita. Wanda ƙugiyarsa ke da ƙaya sai ya danne ta da filaya. Haka sharaɗin yake ga wanda ya cika adadinsa na rana a buɗaɗɗen kogi yana so ya ci gaba.

Sai zare. Wasu suna ganin gwaninta ce a yi amfani da siririn zare a daɗe ana ja-in-ja da kifi. Ga mai niyyar saki wannan cuta ce. Kifin da ya daɗe yana fafutika, tsokarsa takan tara tsami, ƙarfin da ya tanada don hawan kogi ya ƙare, kuma ba shi da abincin da zai mai da shi. Zare mai ƙarfi da jawowa cikin hanzari su ne jinƙai.

Idan kifin ya iso, ba a jan sa kan tsakuwa ko yashi. Jikinsa yana da yauƙi da ke kare shi daga cuta, kuma busasshen hannu, ko ƙasa, ko raga mai ƙulle-ƙulle, duk suna goge shi, daga baya naman gwari ya kama wurin. Ana tarar sa da homa mai laushi marar ƙulli, a bar homar cikin ruwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi. Ba a sa yatsa a kunnensa. Ba a matse masa ciki. Ba a ɗaga shi ta jela ya reto, domin nauyinsa yana iya yi wa ƙashin bayansa lahani. A zare ƙugiya da filaya a hankali. In ta shige da nisa, gara a yanke zaren kusa da ita a bar ta, da a yi ta tono.

Babban abin kiyayewa shi ne iska. Kunnen kifi siraran ganyayyaki ne da ruwa ke riƙe su a buɗe. Da an fitar da shi sai su manne da juna, numfashi ya tsaya, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Mai son hoto ya shirya wayarsa tukuna, ya durƙusa a ruwa, ya ɗaga kifin daƙiƙa kaɗan da hannu biyu, ya mayar. Mai son sanin nauyi ya auna tsawo a jikin sandarsa, akwai jadawalin da ke mai da tsawo nauyi.

Daga ƙarshe sai a tallafe shi cikin ruwa mai gudana a hankali, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a gindin jela. Ba a tura shi gaba da baya. Jira ake yi, ko minti nawa ne, har ya miƙe da kansa ya fizge.

Akwai kuma ranar da mafi kyawun saki shi ne kada a kama. Salmon kifin ruwan sanyi ne. Idan zafin ruwa ya haura digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, iskar da ke cikinsa takan ragu, mutuwar kifin da aka saki ta fara ƙaruwa, kuma daga digiri 20 abin ya yi tsanani. A shekarun baya-bayan nan hukumar Ailan ta sha rufe wuraren fatsa na gwamnati a Moy da Galway idan zafi ya yi yawa. Mai fatsa na ƙwarai yana yawo da ma'aunin zafi, kuma ba ya jiran sanarwa kafin ya naɗe zarensa.

Masu ja da wannan al'ada

Ba kowa ya yarda da kamawa a saki ba, kuma hujjar masu ja ba ta wasa ba ce. Suna cewa wanda ya kama kifi don ya ci yana da dalili, amma wanda ya soka wa mai rai ƙugiya don jin daɗi kawai, da niyyar sakinsa tun farko, ya wahalar da dabba ba gaira ba dalili. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana cutar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma an gurfanar da masu fatsa a kan haka. Siwizalan ma ta hana fatsa da niyyar saki. Wanda aka rene shi bisa cewa ba a wasa da rai, ba a kuma wasa da abinci, zai ji wannan magana ta shige shi.

Ni ma ta shige ni, kuma ina ganin tana da gaskiya har zuwa wani wuri. Kifi yana galabaita idan an kama shi, wannan ba abin musu ba ne. Saboda haka wanda ya kama goma a rana yana saki yana ƙirgawa don fahariya ba shi da abin kare kansa. Amma ga kogin da irinsa ya yi ƙaranci, zaɓin da ke gaban hukuma ba tsakanin ci da saki ba ne, tsakanin saki ne da rufewa. Kogin da aka rufe kuwa yakan zama marar mai shi. Masu fatsa ne ke kai rahoto idan an zubo dagwalo daga gona ko masana'anta, su ke ganin tarun ɓarayi, kuɗin lasisinsu ke gyara tsakuwa da gaɓa, littattafansu ke ba masana labari. Garuruwan bakin kogi irin su Ballina kuma, masu masauki da 'yan jagora da masu sayar da kayan fatsa, da zuwan baƙi suke ci. Saki hanya ce ta riƙe waɗannan mutane a bakin ruwa ba tare da an cinye irin ba. Halaccinsa yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: a yi shi da kyau, a yi shi da ƙima.

Inda ikon mai fatsa ya tsaya

Dole a faɗi gaskiya: duk wannan bai dawo da salmon yadda yake a dā ba. An cire taruna daga teku, an ƙayyade kamu, ana saki, amma adadin masu komowa bai farfaɗo ba. A Yunin 2024 Norwe, wadda take cikin ƙasashen da suka fi kowa arzikin salmon, ta rufe koguna 33 a tsakiyar kaka saboda ƙarancin kifi. Tekun yana ɗumama, abincin ƙananan kifi yana sauya wuri da lokaci. Gonakin kiwon salmon da ke cikin keji a gaɓar teku suna hayayyafar da ƙwarƙwatar ruwa mai cin fatar ƙananan kifin da ke wucewa, kuma masana da dama sun danganta rugujewar tirawut na teku a yankin Connemara na Ailan a 1989 da wannan. Madatsun ruwa sun datse hanya: tun da aka gina tashar lantarki ta Ardnacrusha a 1929, salmon na saman kogin Shannon bai koma daidai ba. Taki da laka daga gonaki suna toshe tsakuwar da ƙwai ke numfashi a cikinta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da lambar roba za ta gyara. Amma raguwar masu komowa ba ta rage darajar saki ba, ƙara ta ta yi. Lokacin da kifi 15 suke komowa cikin 100, kashe ɗaya ƙaramar asara ce. Yanzu da biyar ne, kowace uwa da ta kai ga tsakuwa tana ɗauke da kaso mai tsoka na makomar koginta.

Akwai kuma wani abu da masu fatsa suka samu da wannan horo. Sun yarda a ƙirga musu kifi ɗaya ɗaya, a sa musu rana, a tare su a duba jaka, a rufe musu kogi idan lissafi bai kai ba. Wannan ya ba su bakin neman a auna sauran da mudu ɗaya: mai gonar kifi ya bayyana adadin ƙwarƙwatar da ke kejinsa kuma a hukunta shi in ta wuce ƙima, mai madatsa ya buɗe wa kifi hanya ko a rushe wadda ba ta da sauran amfani, mai zubo dagwalo ya biya kuɗin ɓarnarsa. Dokar da ta iya bin sawun kifi guda daga bakin kogi har tukunya ba ta da uzurin kasa bin sawun waɗanda ke kashe dubbai tun kafin su girma.